Yadda Na Karanta Jinin Balkisu a Zariya

Sallama gare ku 'yan ajinmu na yaƙi da jahilci a Goronyo, da maƙwabta, da duk wadda ta tako ta yi muna barka da dawowa. Tun ranar da na sauke kaya ban sha ruwa da daɗi ba. Wagga ta shigo ta ce, "Hajo, yaya Zariya?" Tana fita wata ta shigo ta ce, "Wai gaskiya na kullum sai sun ɗebi jininta?" Na ba da labari har muryata ta dushe, kuma kowane lokaci sai na tsallake wani wuri. Malamarmu ta ce tun da an koya mani rubutu, in zauna in rubuta sau ɗaya, mai so ta karanta. To ga shi. Inda hannuna ya karkace ku yi haƙuri, da girmana na fara riƙe alƙalami.

Wadda na yi tafiyar dominta ɗiyata ce ta fari, mai aure a Wurno. Kun san ban taɓa kiran sunanta ba, yadda innata ba ta taɓa kiran na yayana ba. "Ke" nake ce mata, in cikin mutane ne in ce "uwar Aliyu". Amma takarda ba ta kallona, bari in rubuta: Balkisu. Bara ciwon daji ya kama ta a nono. Anka yi mata aiki a Sakkwato, anka riƙa sa mata ruwan magani mai ƙarfi bayan kowane mako uku, har gashinta ya zube. Da anka gama na ƙarshe, likita ya ce saura a gasa wurin da inji, ya rubuta muna takarda zuwa Zariya, tun da ƙanen mijinta can yake zaune, muna da masauki. A jikin takardar an sa ranar Litinin. Ya kuma ja kunnenmu cewa in ta yi zazzaɓi a kai ta asibiti nan take. Na ji da kunnena. Ku riƙe wannan, don nan na yi kuskure.

Mijinta Malam Isa yana tsakiyar dashen albasa, anka shirya ya biyo mu daga baya. Ranar Alhamis da sassafe munka bar Wurno, ni da ita, da buhun kaya ɗaya, da ƙullin busasshen kifi na tsaraba, da goran fura. A Achida mota ta tsaya anka loda tafarnuwa har ƙarƙashin ƙafafunmu. Warin ya tayar wa Balkisu da zuciya, ta rufe hanci da gyale har Sakkwato.

Direban da munka samu a tashar Sakkwato mutumin Tsafe ne, mai baki. Kafin ya tada mota ya juyo ya ce, "Duk mai fitsari ya yi yanzu. Akwai dajin da ko uwata ta ce in tsaya ba ni tsayawa." Anka yi dariya, amma kowa ya san mi yake nufi, kowa ya karanta abin da ya sani.

Bayan Tureta wani ya nuna allo ya ce mun bar ƙasar Sakkwato mun shiga Zamfara. Na karanta shi da kaina kafin ya wuce. Ni da nake zaton iyaka gulbi ce ko katanga, ashe allo ne kawai, gero wannan gefe, gero wancan gefe. Gaba kaɗan sojoji sunka tsai da mu. Wani ya leƙo ya shaƙi iska ya ce, "Mama, menene wannan?"

Na ce, "Kihi na, ɗana."

Ya ce, "Kihi?" Ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji yadda nake faɗi. Na kwance ƙulli na miƙa masa biyu. Ya kai hannu ke nan sai idonsa ya faɗa kan Balkisu, ya ga babu gira babu gashin ido. Ya mai da hannunsa ya ce, "Bar shi, Mama. Allah ya ba lafiya." Ya ɗaga wa direba hannu.

Kusa da Gusau mota ta faɗa rami, goran fura ya kuɓuce mani ya tuntsure kan babbar rigar wani ɗan kasuwa. Na rasa inda zan sa fuskata. Bawan Allah ya dubi rigar, ya lakato da yatsa ya ɗanɗana ya ce, "Wallahi ta gero ce tsantsa. Hajiya, da kin ce in buɗe baki ai da ba a yi asara ba." Balkisu ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Ita ce dariyarta ta ƙarshe da na ji sai bayan kwana takwas. A Funtuwa na taɓa hannunta na ji ɗumi, na ce gajiyar hanya ce.

Munka isa Zariya kafin magariba. Matar ƙanen mijin, Talatu, ta karɓe mu hannu biyu. Gidan haya ne, ɗaki da falo, tsakar gida ɗaya da mutane kala-kala, har da masu zuwa coci. Abu na farko da ya ba ni mamaki gaisuwarsu. Mu nan sai an tambayi gida da ɗiya da gajiya da bisashe. Can "sannu" ce guda, mutum ya wuce, kai kana tsakiyar amsawa. Tuwonsu na masara ne, fari tas, yana cika ciki amma ba ya zama kamar na gero. Furarsu kuwa, Allah ya gafarta mani, ruwa ce anka nuna wa gero daga nesa. Sannan Talatu tana kiran ɗiyarta ta fari da sunanta gatsau, ta rungume ta gaban baƙi. Na sunkuyar da kai don kunya, ita ko a jikinta.

Ranar Juma'a da safe zazzaɓi ya rufe Balkisu. Na yi abin da kowaccenku za ta yi. Na ba ta farasitamol, na tafasa ganyen dogon yaro na yi mata sirace, na lulluɓe ta da bargo. Zufa ta karyo, na ce alhamdu lillahi. Talatu ta ce, "Inna, mu kai ta asibiti mana."

Na ɗauko takardar na nuna mata da yatsa. Na ce, "Ga shi nan, Litinin anka rubuta. In hakimi ya ce ka zo Litinin, ba ka zuwa mai Juma'a."

Kun gani, karatun da nake taƙama da shi ne ya ɗaure ni. Na riƙe abin da ke rubuce na saki abin da anka faɗa mani da baki. Asabar zazzaɓin ya dawo, na sake ba da magani, na sake haƙuri. Duk kun san ni da haƙuri, ana ma yabona da shi. Wannan karon bai yi mani rana ba.

Lahadi da hantsi na taɓa hannuwanta na ji sanyi ƙalau, numfashi sama-sama, tun jiya ba ta yi fitsari ba. Ta dube ni ta ce, "Baba ya gama gyaran komar?" Babanta masunci ne, shekara tara ke nan da rasuwarsa. Talatu ba ta sake tambayata ba, ta fita da gudu ta tsai da keke mai ƙafa uku.

A ƙofar asibiti mai rubutu ya ce, "Sunan mara lafiya?" Na buɗe baki, ya ƙi fita. Ɗiyata tana kwance tana haki, ni kuwa kunya ta riƙe mani harshe. Talatu ce ta faɗa. Likitar da ta karɓe mu yarinya ce siririya mai tabarau. Ta ce yaushe zazzaɓin ya fara, na ce Juma'a. Ta cire tabarau ta goge. Da ta yi mani faɗa da ya fi mani sauƙi.

Nan da nan anka ɗaura ruwa hannu biyu, anka sa robar iska a hanci, anka fara allurai ta jijiya. Sannan anka zo da 'yan kwalabe masu murfi kala-kala, ana ta zuƙar jini. Raina ya ɓaci. Yarinyar da ba ta da jinin kirki, shi ne ake kwashewa? A gadon kusa akwai wata dattijuwa 'yar Kafanchan, Mama Rifkatu, tana jinyar ƙanwarta. Ta ga fuskata ta ce, "Hajiya Sakkwato, bar su su ɗiba. Duka bai fi cokali biyu ba. Bakinta ba ya magana yanzu, jinin za su tambaya." Ita ce ta nuna mani inda masu jinya ke shimfiɗa tabarma a baranda, da inda ake samun ruwan zafi, ta ba ni faten acca da ban taɓa ci ba. Ita tana addu'arta, ni ina tawa, in ɗaya ta fita ɗaya ta duba gadaje biyu.

Da la'asar takardar gwaji ta dawo, anka maƙala ta a ƙafar gado. Na leƙa. Akwai layi mai haruffa uku, na farkon ma ba ya cikin waɗanda anka koya muna, gabansa an rubuta 38. Na leƙa ta ƙanwar Mama Rifkatu, layi iri ɗaya, an rubuta 2. 'Yan ajinmu, kun san jarrabawarmu bisa arba'in ake yi, kuma ni ban taɓa wuce talatin ba. Sai na ji sanyi a raina. Na ce wa Talatu ta buga waya Wurno ta ce gwaji ya fito da kyau, ta samu talatin da takwas, ta fi kowa a ɗakin. Na ɗauko littafin ajinmu da ke cikin jakata na rubuta: Lahadi, 38.

Litinin da safe da likitar ta zo zagaye na yi mata godiya kan lambar. Ta dube ni, ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Inna, wannan ba irin ta makaranta ba ce. Ruwan maganin daji ya karya sojojin jikinta tare da ciwon. Ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa a buɗe suka shiga jini. Idan suka yi yawa, jiki yana fitar da wani abu, shi muke aunawa. Mai lafiya ko ɗaya ba ya kaiwa."

Na ce, "To ta mutu ke nan?"

Ta ce, "Ban ce ba. Lambar jiya ta gaya mana wutar babba ce. Abin da muke jira shi ne ta gobe. In ta sauka, maganin ya dace da cutar. In ta hau, sai mu canza." Ta nuna mani wani layin ta ce shi kuma tsamin jini ne, in jini ba ya kaiwa ko'ina jiki yakan yi tsami kamar nonon da ya kwana, shi ma so ake ya sauka. Ta ce akwai na uku, amma ga mai daji ba su dogara da shi shi kaɗai, don dajin kansa yakan ɗaga shi. Shi ya sa suke haɗa su, su duba fitsari, su duba bugun jini, ba su riƙe abu ɗaya ba.

Sai marigayi babanta ya faɗo mani a rai. Na ce, "Likita, a dam ɗinmu akwai ginshiƙi mai lambobi cikin ruwa. Shekarun da ruwa ya ci fadama, babanta kullum sai ya tahi ya duba. Yakan dawo ya ce ruwa ya fara ja, mu kuwa muna ganin gona cike, mu ce ina ya ja? Sai bayan kwana biyu mu ga ƙasa."

Ta ce, "Inna, kin gane. Fuska takan makara."

Talata anka sake ɗiba. Wannan karon ni na riƙe masu hannunta. Takarda ta dawo: 17. Tsamin ma ya ragu, fitsari ya fara taruwa a jakar da ke rataye. Amma in kun ga Balkisu ba za ku yarda ba. Ta kumbura, leɓɓa sun bushe, ido rufe, ko motsi babu.

Laraba da azahar sai ga Malam Isa da kawunsa, Kawu Dikko, babban gidansu. Talatu ta riga ta gaya masu jiki ya yi tsanani. Sunka shiga sunka gan ta, Malam Isa ya juya fuska ga bango. Sunka fito ƙarƙashin mangwaro anka kira ni. Na zauna nesa kaɗan, na ja gyale na rufe rabin fuska, kun san tsakanin mutum da surukinsa. Shekara goma sha ɗaya da auren, ban taɓa haɗa ido da shi ba.

Kawu Dikko ya ce, "Hajo, sannu da ƙoƙari. Mun gani da idonmu. Na ga irin wanga kwanci ba sau ɗaya ba. Mun zo da mota. Gara ta cika a ɗakinta, ɗiyanta su gan ta, a yi mata sutura cikin dangi. Ba mu barin ta ƙare a hannun baƙi."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Haka muke yi, ni ma haka munka yi wa innata. Kuma kun san abin da ake jira daga uwar ɗiyar fari: ta yi shiru, ta ce duk abin da kunka gani. In ta nuna zafin ɗiyar, a ce ba ta da kunya. Na ji bakina yana shirin cewa to. Sai hannuna ya taɓa littafin cikin jaka.

Na buɗe na tura shi gabansu bisa tabarma. Na ce, "Kawu, a duba nan. Lahadi talatin da takwas. Jiya sha bakwai. Sauka takai."

Ya ce, "Ikon Allah. Ba ke kinka aiko a ce muna talatin da takwas alheri na ba? Har sadaka munka yi. Yau kuma sha bakwai ta zama alheri? Yaƙi da jahilci ya mai da ke likita, Hajo?"

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa. Na ce, "Na yi kuskure ranan, na ɗauka ta makaranta ce. An gwada mani na gane. Kuskurena na farko ma ya fi wannan, ni na riƙe ta gida kwana biyu da zazzaɓi. Ba ni ƙara na uku."

Anka kira likitar. Ta gaishe su da ladabi ta ce, "Baba, ban isa in ce ta tsira ba, rai na Allah ne. Akwai wanda lambarsa ke sauka kuma ya tafi. Amma abin da jininta ke nunawa, maganin yana ci. In aka cire mata ruwa da iska aka hau hanya, ina tsoron ko Funtuwa ba za ta kai ba."

Kawu ya ce, "Su kullum haka suka cewa."

Ban san lokacin da gyalen ya zame daga fuskata ba. Na ce, "Kawu, gobe za a sake aunawa. A ba ni gobe kaɗai. In ta hau, ni da kaina zan kama ƙafafunta mu sa ta mota. In ta sauka, a bar mani ɗiyata. Ɗiyata ta, ni na haife ta, ina son ta."

Ni kaina ban taɓa jin maganar nan daga bakina ba. Malam Isa ya ɗauki littafin, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Kawu, mai dashe ba ya tuge albasa don ganye ya kwanta. Mu jira goben." Kawu ya kaɗa carbi ya ce, "Allah shi sa ku fi ni gaskiya. Wallahi ina so ku fi ni."

Alhamis tun da anka ɗebi jinin na kasa zama. Mama Rifkatu ta ce, "Hajiya Sakkwato, za ki ƙarar masu da siminti." Direban Wurno yana waje ya buɗe bayan mota ya shimfiɗa katifa. Bayan azahar na hango mai kawo takardu. Ban jira ta maƙala ba, na karɓa. Na bi layin da yatsa. Lamba ɗaya ce tal. Na juya takardar ko akwai wata a ɓoye. Shida.

Na fita na miƙa wa Kawu. Ya ce, "Nawa?" Malam Isa ya ce, "Shida, Kawu." Tsohon ya cire hula ya share fuska. Ya ƙwala wa direba kira ya ce ya naɗe katifarsa.

Juma'a da safe likitar ta ce, "Inna, kira ta. Muryar da ta sani za ta fi ji." Na ce, "Ke. Ke." Shiru. Ta ce, "Da sunanta, Inna." Na duba hagu da dama. Mama Rifkatu ta juya baya kamar tana neman wani abu cikin kwando. Na sunkuya daidai kunnenta na ce, "Balkisu." Shekara talatin da ɗaya sunan yana bakina ban taɓa ɗanɗana shi ba. Na sake faɗi. Ido ya motsa, ya buɗe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a hankali, "Inna, akwai hura?"

Na sa Talatu ta nemo gero, na daka da kaina a tsakar gidan haya, maƙwabta sunka taru suna kallo. Likita ta ce cokali uku kawai, na ba ta uku.

Mun ƙara kusan wata biyu a Zariya. Sai da ta yi ƙarfi sannan anka yi gashin da ya kai mu. Ƙanwar Mama Rifkatu an sallame ta kafin mu, munka rabu da kuka, na ba ta sauran kifin. Hanyar dawowa lafiya lau, goran fura kuma na riƙe shi da hannu biyu. Ciwon daji ba a ce ya tafi ke nan ba, za mu riƙa komawa ana dubawa. Amma tana tsaye, tana girki, gashi ya fara tsirowa.

Abu biyu nake roƙonku. Duk mai ɗan'uwa da ake sa wa ruwan maganin daji, ranar da jikinsa ya yi zafi ranar ake zuwa asibiti, ko mi anka rubuta a takarda. Kuma in sun zo ɗibar jini ku miƙa hannun, ku tambayi lambar, ku tambaya hawa ake so ko sauka.

Shekaranjiya na je Wurno duba ta. Muna zaune mu biyu a ɗaki tana tsince shinkafa, sai ta ce, "Inna, ranan na ji ki fa."

Na ce, "Kin ji mi?"

Ta ce, "Kin sani. Sake hwaɗi in ji da ido buɗe."

Na ce, "Ke, tashi ki duba tukunyarki tana ƙonewa."

Ta tashi tana dariya. Amma ku ƙirga sau nawa na rubuta sunan a takardar nan. Kafin ta zo hannunku, ita zan fara kai wa ta karanta.